Kilo Ya Shiga, Kilo Ya Fita

Duk ci gaban da ɗan adam ya samu tun da aka fara duniya, rage nauyi ne. An bar rubutu a kan dutse an koma takarda, an bar akwatin ƙarfe an koma jaka, kuma duk wanda ya bari motarsa ta ƙara kilo ɗaya babu dalili ya ja wayewa baya gwargwadon kilon nan. Yayana ne ya gano haka, ya kuma sanar da mu a falonsa yana tsaye, da sikelin banɗakin matarsa a hammata.

Yaya malamin kimiyya ne a kwaleji, yana da 'yar mota ruwan toka wadda yake so fiye da yadda ya kamata a so ƙarfe. Abu biyu yake nema a wurinta: ta yi sauti kamar makaɗan suna zaune a kujerar baya, kuma kada ta yi nauyi, don nauyi yana shan mai, yana cin taya, yana ɓata abin da yake kira "ladabin mota a kwana". Sai ya kafa doka. Duk kilon da ya shiga, kilo zai fita. Ba a sassauta wa kowa, in ji shi, har shi kansa.

Mu huɗu ne masu shiga motar nan. Akwai shi, akwai Anti matarsa, akwai ni, sai Inna mahaifiyarmu, wadda ɓarin jikinta ya shanye bara. Duk mako ana kai ta gashin ƙashi asibiti. Ni ne mai ɗaga ta daga gado zuwa mota, ni ne kuma mai riƙe ta a kujerar baya don kada ta zame a kwana, komai ladabin motar. Kekenta na guragu mai naɗewa yana zaune a but ɗin motar. Daga inda ake ajiye motoci zuwa ɗakin gashin akwai wata doguwar baranda da ko mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya huta a tsakiya.

Ya samu abokin aiki a wani gareji, wani mai haɗa sautin mota da kowa ke kira Mai Sauti. Mutum ne mai laushin baki wanda bai taɓa jin wata shawara daga mai biyan kuɗi ba sai ya ce ita ce ya daɗe yana jira wani ya kawo. Na raka Yaya can sau ɗaya. An cire marfin ƙofofin motar an jingine su a bango, wayoyi suna reto kamar hanji.

Mai Sauti ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa. "Ka ji ko, Malam? Gwangwani. Ko wace sifika ka sa a nan, ƙofar ce za ta yi waƙar. Sai an manna mata roba mai kashe karkarwa."

"Nawa take a sikeli?"

"Ai ba a manna ta ko'ina ga mai ilimi irinka. Tsakiyar ƙarfen kawai, inda yake rawa."

Yaya ya dube ni kamar ya ce ka ga mutanen da ake hira da su. Aka ɗora robar a sikeli, aka ɗora kafet ɗin ƙasan motar, suka yi daidai, aka jefar da kafet ɗin. Sababbin sifikun masu ƙaramin maganaɗisu ne, marasa nauyi, sai dai kuɗinsu ne mai nauyi, su kuma suka ci marfin aljihun gaba da matashin kai na kujerar tsakiya. Ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ta ci jak ɗin ɗaga mota. Wayoyinta suka ci safayar taya.

"Yaya, in taya ta fashe fa?"

"Motar da ba ta da nauyi ba ta fasa taya."

"To me ke fasa ta?"

"Rashin lissafi."

Gaskiya sautin ya gyaru. Wannan shi ne abin haushin. Kana jin yatsan mai jita yana goga waya kafin ya kaɗa ta, kana jin mawaƙi yana jan numfashi. Yaya yakan zauna a cikin motar a ƙofar gida, inji a kashe, ido a lumshe, Anti kuma tana ciki tana juya Inna don kada bayanta ya yi gyambo.

Saura abu ɗaya, in ji Mai Sauti, wato ƙasan sautin, gangar da ake ji a ƙirji. Wannan sai babbar sifika a cikin akwati, akwatin kuma sai but. Ya yi shi da katako mafi sauƙi da ya samu, ya rarake duk inda za a rarake, amma akwati dai akwati ne. Ranar da aka kawo shi gida, Yaya ya ɗora shi a sikeli a tsakar gida, ya duba, ya buɗe but ya leƙa. Babu abin da ya rage a ciki sai keken Inna. Ya ciro shi ya ɗora a sikeli. Na ga fuskarsa ta yi haske irin na mutumin da lissafi ya fito masa babu saura.

"Kamar don juna aka yi su," in ji shi.

Na ce, "Yaya, keken Inna ne."

"Na san na wane ne. Ni na saya."

"To da me za ta bi barandar?"

"Asibiti suna da kekuna."

Suna da su, ƙwaya nawa ne ma, kuma kullum akwai wanda ya riga ka. Anti ta faɗa masa haka a hankali, tana tsaye da kwanon wanke hannun Inna. Ya ce wannan matsalar tsari ce ta asibiti, ba a warware ta da lalata mota. Na ce a cire ni a bar keken, ai na ninka shi nauyi. Ya ce mutane ba sa cikin lissafin, nauyin da ke kwana a mota ake aunawa, kuma ko da an cire ni akwatin ya riga ya cinye but ɗin. Na ce zan rungume keken a cinyata. Ya tambaye ni da wane hannu zan riƙe Inna. Yana da amsar komai. Tun muna yara haka yake, ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, sai dai a gaji a bar shi, shi kuma ya ɗauki gajiyar mutane a matsayin hujja.

"Don Inna ma nake yi," ya ƙara. "Sauti mai kyau yana kwantar da jijiyoyi."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, harshenta yana ɗan ja tun ciwon. "Me ake yi don ni?"

"Kiɗa, Inna."

"Na ce ina so?"

"Za ki so in kin ji."

"Haka ubanku ya ce da ya sayo agwagwa."

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Na kira shi abubuwan da ƙane ba ya kiran wansa. Ya saurare ni da haƙuri irin na likita da mai zazzaɓi, sannan ya ɗauki akwatinsa ya zura a but, ya shiga daidai kamar an auna. An auna ɗin ne. Keken ya tsaya a jikin bango kusa da famfo. Anti ta ɗauki sikelinta ta goge shi ta mayar banɗaki.

Ranar asibiti na zo da shirin sabon faɗa. Na tarar da Inna an yi mata wanka an shirya ta, maganinta da ruwanta a jaka, amma babu Anti, babu keken.

"Ina matar gidan?"

"Ta yi gaba," in ji Yaya, yana goge gilashi. "Ta ce za ta same mu can."

Na ɗauko Inna na zaunar da ita, na zagaya hannu ta bayanta. Yaya ya tada mota ya murɗa sautin. Ganga ta bugo daga but ta ratsa kujerar.

Inna ta ce, "Wani yana dukana a baya."

"Shi ne ƙasan sautin, Inna."

"To ka ce masa ya bari."

Ya rage kaɗan, don biyayya. Ya ce mu lura yadda motar take tashi yau kamar tsuntsu. Ya yi gaskiya, an rage mutum guda.

Mun wuce gidan mai, mun wuce shagunan masu walda, sai a hawan gadar nan da babu inuwa na hango Anti. Tana gefen titi tana tura keken babu kowa a ciki, jakarta a kan kujerar. Motocin haya ba sa tsaya wa mai keke, wanda ya tsaya kuma sai ya ce ba wuri. Ƙaramar tayar gaba tana ta karkata zuwa kwalbati, tana dawo da ita. Gumi ya jiƙa bayan mayafinta.

"Yaya, tsaya. Ga Anti can."

"Ina?"

"Ga ta nan, ka tsaya mana."

"A kan gada? In na tsaya ma ina zan sa keken?" Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Saurara nan. Ka ji sarewar ta koma hagu?"

Anti ta ji mota a bayanta, ta matsa gefe ta ba mu hanya, ba ta ko ɗago kai ba. Inna ta bi ta da ido ta gilashi har wuyanta ya ƙi juyawa. Daga nan hannunta mai lafiya ya damƙe gwiwata.

A wurin ajiye motoci muka zauna jira. Yaya ya duba agogo ya ce a gaya wa Anti mako mai zuwa ta riƙa fita da wuri, don likitan ba ya son latti. Na buɗe baki, Inna ta ƙara matse gwiwata, na rufe.

Can sai ga Anti ta shigo ta ƙofar asibitin, tana ɗan ɗingishi, maɗaurin takalminta ɗaya ya tsinke. Ta kawo keken daidai ƙofar Inna, ta taka birki, ta ɗauke jakarta, ta sa gefen mayafinta ta share ƙurar hanya daga kujerar.

"Sannu da jira, Inna," ta ce. "Kawo hannun."

Na ɗaga Inna na zaunar da ita. Yaya ya ce shi zai jira a mota, akwai abin da yake son ya sake saurara. Anti ta cire takalman ta sa a jaka, ta saki birkin, ta kama tura Inna zuwa barandar.