Wanda Ya Rataya Shi Ke Saukewa

Ku je wajen duk wanda ya taɓa hawa doguwar hasumiyar ƙarfe ku ce masa Sha-Iska, zai cire hula. Ni ne. Ban shiga aji ba, amma matuƙan jirgin sama, da duk bokonsu, da fitilun da na rataya suke gane hanya. Iska ta taɓa fizgo ni daga sama ta karya mini ƙugu, mutane suna salati suna neman abin rufe ni. Na buɗe ido na ce ina sifanata.

A zamaninmu abu biyu ake ɗaurawa a ƙolin hasumiya: jar fitila don kada jirgi ya yi karo da ita, da wasu kofuna masu juyawa da ke gaya wa mitar da ke ɗakin gindin hasumiya ƙarfin iska. Kowanne da wayarsa, kowanne da ranar lalacewarsa.

Autata ce ta gaji sana'ar. Yayyenta maza ko katanga suka hau jiri suke yi. Ran nan ta shigo da kwali ta buɗe a gabana.

"Baba, ga magajiyar fitilarka. Fitila a ƙasa, kofuna a kanta, waya ɗaya, hawa ɗaya. Gobe za mu cire tsohuwar fitilar babbar hasumiya mu sa wannan."

Na ce, "Wa zai cire?"

"Ni mana."

"Ke da wa? Ni na rataya ta."

Mu mahaya muna da ƙa'ida: wanda ya rataya fitila, in yana numfashi, shi ke sauke ta. In wani ya sauke maka, to an lissafa ka cikin matattu ke nan. Uwar yara ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai da ake kama wa hannu ka hau gado?" Na ci gaba da duba kwalin. Mace ce mai son ƙarin gishiri.

Da safe na riga kowa zuwa wurin aikin. Shugaban ma'aikata, wani siriri mai tabarau, ya yi ta sosa ƙeya.

"Baba, shekarunka fa."

"Yallaɓai, shekaru ne za su hau ko ni?"

Auta ta ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo ya ce ya yarda, da sharaɗi: ɗamara biyu, Auta na bayana, kuma in allurar mita ta taɓa ja, ko tsani ba zan dafa ba. Muka shiga ɗakin mita muka zuba mata ido. Allura tana can ƙasa tana gyangyaɗi. Na ce, "Ka gani? Iska ta san ni ne. Tsohuwar abokiyar kokawa ba ta manta hannu."

Muka kama hawa. Ƙugun nan yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ce masa yau ba ranarka ba ce. Muna wuce rufin gidaje rigata ta fara kaɗawa. Can gaba hular kwanona tana neman tafiya.

"Baba, anya mitar nan gaskiya take faɗa?"

"Hau kawai, 'yar nan, shafa ce wannan."

Da muka kai ƙoli sai ga dalili. Zanzaro ya gina ɗaki da laka a cikin tsofaffin kofunan, gini har da bene. Sun yi nauyi, da kyar suke jan jiki kamar mai ciwon baya. Auta ta kama ƙarfe tana dariya har da hawaye.

"Baba, kai ka ba shi kwangila?"

"Ni da shi duk ma'aikatan sama ne. Ɗan'uwa ba ya kunyata ɗan'uwa."

Sai ta ɗaure fuska, ta ce in maƙala ƙugiya ta biyu, in yi abin da na zo yi da sauri. Na sa sifana. Notin da na ɗaure da ƙuruciyata ya yi gardama, don ɗaurina ba na wasa ba ne, sannan ya saki. Na rungumo fitilar, gilashinta ya dushe kamar idona, na sa ta a jaka. Auta ta ɗora sabuwar ta haɗa waya. Ja ya haska, sababbin kofuna suka ɗauki gudu har ba a ganinsu.

Nan take oba-obar da ke ƙirjinta ta ɓarke da muryar shugaban. "Allura ta wuce ja! Ku sauko! Ku sauko da tsohon nan!"

Auta ta ce, "Ka ji, Baba. Yanzu ni ce babba. Ƙafa ɗaya, ƙugiya ɗaya."

Na bi umarni, ba don tsoro ba, don dai a koya wa yara ladabi. Iska ta yi ta dukan bayana har ƙasa, ko gezau.

Muna dira ma'aikata suka ɗauki sowa. Shugaban yana zaune a kan bokiti, tabarau a hannu, gumi har wuya.

"Baba, don Allah, akwai sauran wadda ka rataya?"

Na ajiye jakar a gabansa na ce, "Yallaɓai, miƙe ka duba gari. Duk jan da ka hango."