Haihuwa Ba Izini

Takardar hutun haihuwata ta ce in fara hutu ranar ashirin ga wata. Ɗana bai iya karatu ba, ya zo ranar biyu. Ina ɗakin ajiyar makamai ina goge bindigogi naƙuda ta kama ni, aka kwashe ni a motar bariki zuwa asibiti da kakina a jiki. Rabin bariki sun ga fitata. Amma a littafin fareti, kwana goma sha takwas ɗin da ke tsakani an rubuta mini cewa na ƙi zuwa aiki ba izini. Aka tsayar da albashina, aka soke hutun, aka ce in bayyana a fareti ranar Litinin. Yaron ko wata bai yi ba.

Mai riƙe da littafin ita ce Saje Ba-Sabo, mace ce kamar ni, kuma hatiminta kaɗai zai gyara kwanan watan. Mijina ya ce, "Ki lallaɓa ta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na saka kakin da ya ƙi rufe mini ciki, na rungumi yaron, na tafi ina cin magani.

Ofishinta ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka mai kuka, akawu biyu a gefe. Na ƙame, na ajiye mata takardar likita. Ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Kofur, nan bariki ne ko gidan raino?"

"Ranki ya daɗe, kwanan wata kawai za a gyara. Haihuwar ce ta zo da wuri."

"Wa kika sanar kafin ki bar bakin aiki?"

"Naƙuda nake, Saje."

"Naƙuda ta ɗaure miki baki ne? Soja ba ya barin wurin aikinsa sai an karɓe shi. Ku 'yan yanzu kun mayar da kaki zanin ɗaurawa. Ni da kike gani kwanana tara da haihuwa na koma fareti. Ban mutu ba, ban roƙi kowa ba."

Akawunan nan suka sunkuyar da kai suna murmushi. Nono ya cika mini har ya fara jiƙa aljihun rigata, ita kuma ta kafe wurin da ido tana yatsina. Wallahi a lokacin na tsane ta, tsana irin wadda ban taɓa yi wa abokin gaba ba. Duk bariki an san labarin ɗan nata. 'Yar'uwarta ce ta raine shi, yanzu ya zama saurayi, in ya zo ganinta a bakin ƙofa yake tsayawa.

Na ce, "Shi wannan da kika bari yana kwana tara, me yake kiranki yau? Mun ji shi. Saje yake ce miki, kamar mu."

Murmushin akawunan ya ɗauke. Ta ja takardar likitan ta buga mata hatimi da ƙarfin da ya sa yaron ya farka da ihu. Ta ja wata farar takardar ta rubuta ni da laifin rashin ɗa'a.

Bayan kwana biyu Kyaftin ɗinmu ya yanke hukunci: hutuna da albashina sun dawo, igiyar muƙami ɗaya daga cikin biyun da ke hannun rigata ta tafi. Sai da na yi shekara shida ina aiki kafin aka ba ni wannan igiyar. Saje da kanta ta zo da reza, ta tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Da ta gama ta damƙa mini igiyar a tafin hannu, ta ce ƙasa-ƙasa, haƙoranta a cije:

"Ɗauki ɗanki ki ɓace mini. In na ga ƙafarki a barikin nan kafin wata uku su cika, ɗayar ma sai na cire ta."