Jirginki Ba Yau Ba

Autanmu aikinsa kiran sunaye. A filin jirgin sama yake, shi ne muryar nan da ake ji ta lasifika tana neman fasinjan da ya makara. Aikin ya sa masa wata cuta: ba ya jin suna sai ya auna yadda bakin baƙo zai murɗe shi. Ya sha ba mu labarin wata dattijuwa da jirgi ya tashi ya bari tana zaune a kujera, don an kira sunanta ta yadda ita kanta ba ta gane shi ba.

Shi ya sa da matarsa ta samu ciki, aka ce mace ce, muka shiga uku. Ya ce 'yarsa sai sunan da zai shiga kowace ƙasa lafiya. Duk sunan da muka kawo sai ya tafi da shi wurin aiki, ya sa matuƙa jirgi na ƙasashe daban-daban su faɗa, ya dawo ya ce ya faɗi jarrabawa. Na kawo sunan kakarmu, ya ce ya yi wa baƙo nauyi. Sunan Sara ya kusa ci, ya ce kowa da yadda yake rubuta shi.

Na ce, "Kai Auta, 'ya za ka haifa ko fasfo?"

Da ƙyar sunan Lina ya tsallake, muka huta.

Sai yarinya ta zo bakwaini. Uwar tana kwance a sama bayan tiyata, ba ta iya saukowa, 'yar kuma tana cikin kwalba a ɗakin jarirai. Kafin ka shiga sai ka cire zobe, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa riga mai igiya ta baya. Ranar da na fara zuwa ganinta, na leƙa cikin kwalbar. Duk tsawonta bai wuce takalmina ba, ga wayoyi a ƙirji, ga na'ura tana ƙirga bugun zuciyarta. Nas ɗin da ke kula da ita ta ce irinsu kan manta da numfashi, sai an tuna musu. Tun daga nan tsoro bai sake ni ba.

Nas ta nuna wa Auta ƙofar gefen kwalbar. "Baban jaririya, sa hannunka ka yi mata magana. Ta san muryarka tun tana ciki. Kira sunanta."

Ya sa hannun, amma bakinsa gum. Washegari ma haka. Mutumin da ya hana mu sakat a kan suna, ga mai suna a gabansa, ya koma cewa "yarinyar". Matarsa ta riƙe ni tana kuka, ta ce, "Yaya, ko ya cire rai da ita ne?"

Raina ya ɓaci. Na tare shi a bakin famfon wanke hannu da rana tsaka.

"Wai me ke damunka? Ka tara mana gajiya wata da watanni, yanzu sunan ya fi ƙarfin bakinka?"

Ya ci gaba da murza sabulu, bai dube ni ba.

"Yaya, kin san waɗanda nake kira?"

"Fasinjoji mana."

"Masu tafiya. Ban taɓa kiran wanda ya iso ba. Duk wanda na kira sunansa, tashi yake ya ɗauki jakarsa ya wuce ƙofa, ba na sake ganinsa." Ya rufe famfon. "Na san shirme ne. Amma in na buɗe baki sai in ji kamar kiran ƙarshe zan yi mata."

Duk faɗan da na tanada ya tsere mini. Na miƙa masa tawul, muka shiga.

Ba mu daɗe ba na'urar ta canza kuka. Ƙirjin nan da nake ta kallo yana hawa yana sauka ya tsaya cak, leɓɓanta suka fara duhu. Nas ta zura hannu tana murza mata tafin ƙafa, tana cewa, "Haba 'yar gari, tuna mana, tuna." Ni addu'ar ma ta harɗe mini a baki.

Sai na ga Auta ya durƙusa, ya kai bakinsa daidai ƙofar kwalbar. Muryar aikinsa ce ta fito, a natse, kalma bayan kalma, sai dai ƙasa-ƙasa.

"Ana kiran Lina. Lina, ana kiranki."

Nas ba ta daina murzawa ba. Ƙirjin ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa, na'urar ta koma ƙirgenta. Nas ta sauke ajiyar zuciya, ta ce irin wannan zai iya sake faruwa, kada mu yi nisa.

Auta bai tashi ba. Hawaye na ɗiga a kan rigar asibitin, ɗan yatsansa a tafin hannunta.

"Lina, ki koma ki zauna," ya ce. "Jirginki ba yau ba."