Jaririyar da ke Cikin Hoto

Yana cikin goge ƙurajen fuskar wani mai neman aiki a kwamfuta wayarsa ta sake yin ƙara. Mahaifiyarsa ce. Mai hoto ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannunsa bai bar aiki ba.

"Auta, wai kai ba mai hoto ba ne?"

"Ni ne, Mama."

"To ina hoton jikata? 'Ya'yan mutanen gari kaf ka ɗauka, taka ce ta gagare ka? Kowa na tambayata da wa ta yi kama, na tsaya ina kame-kame kamar maƙwabciya."

"Tana asibiti, Mama. Shawara ce ta kama ta, suna haska mata fitila. Hasken ɗakin ba shi da kyau."

"Ni ba haske na ce ka turo mini ba."

Ta kashe wayar.

Zancen shawara gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne abin da likitar yara ta gaya musu shi da matarsa, gwajin jini kuma ya tabbatar: jaririyar tana da lalurar Down. Likitar ta yi bayani a tsanake. Ta ce ƙwayar halitta guda ce ta ƙaru, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Yarinya za ta yi tafiya, za ta yi magana, za ta je makaranta, amma a nata lokacin, kuma sai an duba zuciyarta kafin a sallame su. Matarsa ta yi ta tambayoyi a kan shayarwa. Shi kuwa yana kallon fuskar 'yarsa yadda yake kallon kowace fuska, yana lissafin inda za a taɓa. Da likitar ta fita, matarsa ta ce shi ne zai sanar da mahaifiyarsa. Ya ce to. Ya ci gaba da cewa to duk ranar da ta tambaya.

Shagonsa siriri ne, tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Akwai farin labule, kujera mai juyawa, da bango cike da hotunan mutanen unguwa, kowa ya fi kansa kyau. Shekarunsa a sana'ar sun koya masa cewa ba wanda ke biyan kuɗi don ya tafi gida da fuskar da ya zo da ita. Yakan rage kumatu, ya daidaita hanci, ya cike giɓi, kuma ba a taɓa dawo masa da hoto an ce ya yi ƙarya ba.

Ya buɗe hoton da ya ɗauki jaririyar a ɓoye tana barci. Da farko haske kawai ya gyara. Sai ya ga ɗan harshen da ya leƙo, ya mayar da shi ciki. Ya ɗaga karan hancin kaɗan. Ya sauko da gefen idanun da suka ɗan karkata sama. Ya ƙara wa wuyan tsawo, ya miƙe saman kunnen da ya lanƙwashe. Hannunsa ya san hanya, bai ma tsaya shawara da shi ba. Da ya gama ya jingina da kujera. Aiki ya yi kyau, ba inda za a gane an taɓa. Ya tura a gurup ɗin dangi.

Kafin ya koma kan ƙurajen mai neman aiki saƙonni sun fara zubowa. Allah ya raya. Tubarkalla. Wata gwaggo ta ce hancin nasu ne, ba tantama. Wani kawu ya ce tun yanzu a ajiye wa ɗansa. Mahaifiyarsa ba ta ce komai ba, shi kuma ya ɗauka an rabu lafiya. Matarsa ba za ta gani ba, don tun da ta haihu ta kashe wayarta ta jefa a aljihun gado.

Da la'asar wata lambar da bai sani ba ta kira shi. Babbar nas ce ta ɗakin masu jego.

"Kai ne baban jaririyar gadon bakin taga? Ka zo yanzu. Mahaifiyarka na neman tayar mana da asibiti."

A cikin bas ya tsaya riƙe da ƙarfe, wani kwandon kaya na dukan gwiwarsa. Ya fito da waya ya sake duba hoton. Har a lokacin, in don aiki ne, bai ga abin kushewa ba.

Tun daga matakala ya jiyo muryarta. Tana tsaye a tsakiyar baranda, ta ɗaga waya sama kamar mai nuna shaida a kotu. Yayarsa tana gefe riƙe da filas da ledar kaya. Mai gadi ya tsaya nesa kaɗan, ya rasa ko ya matso ko ya koma. Masu jego sun leƙo daga ƙofa, kowacce ta ƙanƙame nata. Wata ma tana duba robar shaidar da ke hannun ɗanta.

"Yawwa, ga uban nan," in ji Mama. "Auta, zo ka gani da idonka. An canza mana 'ya."

"Mama, sauke murya."

"In sauke murya? Na baro gida don in ba ku mamaki, sai ni aka ba. Ga wadda ka turo da safe, ga wadda suka ajiye a gado. Kai da kake sana'ar ido, wannan ita ce wannan?"

"Mama," in ji babbar nas, da muryar wadda ta maimaita magana ɗaya har ta gaji, "na nuna miki robar hannunta. Lambarta ɗaya da ta uwarta."

"Roba! Ni ma ina iya cire roba in saka wa wani. Ku fito mini da jikata, ko in kira 'yan sanda su bincike ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ba zan bar nan ba sai da ita."

Yaya ta matso kusa da shi ta rage murya. "Tun a mota take kallon hoton nan tana yi masa wasa. Har ta raɗa mata sunan tsokana. Ka yi magana mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Babbar nas ta karɓi wayar ta duba, sannan ta dube shi. Ta miƙa wa Mama abarta ta harɗe hannu.

A lokacin matarsa ta fito, tana tafiya a hankali, jaririyar a kafaɗarta.

"Mama, ba ni in gani."

"'Yar nan, koma ki kwanta, ke ba ki da ƙarfi. Ni zan ƙwato miki 'yarki."

"Ba ni dai."

Mama ta miƙa mata wayar. Matarsa ta daɗe tana kallon hoton. Ta sa yatsu biyu ta buɗe shi, ta bi ido, ta bi hanci, ta gangara wuya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Har kunnen ka taɓa?"

Mai gadi ya sami abin kallo a silin.

"Ni na gyara hoton, Mama," in ji mai hoto. "Ba a canza kowa ba. Wannan ce jikarki."

"Ka gyara? Me ya lalace da za ka gyara?"

Ya buɗe baki, bayanin likita duk ya gudu. Abin da ya rage masa sunan lalurar ne kawai, shi ya faɗa. Mama ta dubi Yaya, Yaya ta ajiye filas a ƙasa.

Wata mata mai furfura a goshi ta fito daga ɗakin. Daga ƙungiyar iyayen yara masu irin wannan lalura take, asibitin ne ke kiransu idan an sami sabuwar haihuwa. Tun azahar tana zaune da matar mai hoto tana nuna mata yadda ake tallabe haɓar jaririya mai saurin gajiya da nono. Ta jawo kujerar roba ta ajiye a bayan Mama.

"Zauna, 'yar'uwa. A tsaye maganar nan ba ta shiga."

Mama ta zauna. "Ana warkewa?"

"Ba ciwo ba ne da ake sha wa magani ya tafi. Haka aka halicce ta. Tawa ta wuce ashirin, tana aiki a gidan burodi. Ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana, yanzu kuma roƙonta muke ta yi shiru."

"To daga wane ɓangare ya fito? Nasu ko namu?"

"Ba daga kowa ba."

Mama ta gyara zama. Da alama ta riga ta tanadi amsa, an hana ta amfani da ita.

"Za ku sha zuwa asibiti, ba zan ɓoye miki ba," in ji matar. "Gobe za a duba zuciyarta. Akwai masu motsa mata jiki, akwai mu, muna haɗuwa duk wata. Kakanni ma suna zuwa, su ne suka fi kowa surutu." Ta juya ta dubi mai hoto sama da ƙasa. "Na ga iyaye maza iri-iri. Wani ya ɓace, wani ya kama faɗa da likita. Kai ne na farko da ya je ya kawo wata."

Ba wanda ya yi dariya sai wata mai jego a bakin ƙofa, ita ma ta haɗiye.

Mama ta miƙa hannu biyu. Surukarta ta ɗora mata jaririyar. Ta riƙe ta nesa da ƙirji kaɗan, tana dubawa kamar mai tantance yadi a kasuwa. Jaririyar ta buɗe ido, ta leƙo da harshe, ta koma barci. Mama ta ja zanen ta rufe mata ƙafa.

"Ba ta da nauyi," ta ce. Sannan, ba tare da ta dubi ɗanta ba: "Ka sa na zagi bayin Allah a wurin aikinsu. Ke, je ki ba mai gadin nan haƙuri, na ce masa ɓarawo."

Yaya ta tafi. Babbar nas ta kora masu jego ciki.

Mai hoto ya bi matarsa zuwa gadon bakin taga. Ta zauna, ta jawo aljihun gado, ta kunna wayarta.

"Don Mama na yi," ya ce. "Na ga kamar a bi ta a hankali."

"Mama ta hau mota ta zo yin faɗa a kan jika. Kai ne ake bi a hankali." Ta gyara filo a bayanta. "Waccan ta cikin hoton kai kaɗai ka haife ta, sai ka san yadda za ka shayar da ita. Ni ga tawa can."

Ta miƙa masa wayarta. "Ɗauke ta. Da wannan, ba da taka ba."

Ya koma baranda. Fitilar sama tana zubo wani haske mai kore-kore, irin wanda ba ya yarda ya ɗauki kowa a ciki. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya jira jaririyar ta juyo, ya danna. Babban yatsansa ya nufi wurin gyara da kansa. Matarsa, wadda ta biyo shi, ta zare wayar daga hannunsa ta tura hoton a gurup ɗin dangi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro. An ga hoton, mutum bayan mutum, ba wanda ya ce komai. Can sai gwaggon nan da ta ce hancin nasu ne ta rubuto: "Wannan kuma 'yar waye?"

Matarsa tana kallonsa. Mama ma ta ɗago.

Ya rubuta, "Tawa ce." Ya tura.