Falwaya ta Arba'in

A shagon burodi aka fara faɗa: wai Stamen, wanda aka binne makonni biyar da suka wuce, yana hawan tudu.

Kowa a ƙauyen ya san ruhin mamaci yakan yi kwana arba'in yana zaga wuraren da ya saba kafin ya wuce, kuma wannan bai taɓa hana kowa barci ba. Amma Stamen hanya ɗaya ya miƙa. Bayan abincin rana, lokacin da hazo ke gangarowa daga duwatsu, kowa ya ja taga ya kishingiɗa, sai a ji ƙwas, ƙwas, sandarsa a kan hanya. In hazon ya ɗaga, a tarar da wani farin dutse a gindin falwaya. Kullum dutsen yana ƙara gaba da falwaya ɗaya. Wata mata ta ƙirga: daga gidan Stamen, ta arba'in tana daidai ƙofar Zlatka.

Zlatka kuwa ita ce ranar jana'iza aka miƙa mata dafaffiyar alkamar sadaka ta kau da kai, ta ƙi cewa Allah ya gafarta masa, saboda wata bishiyar tuffa da ya sare mata shekara ashirin baya.

Yayarta, Malama Gergina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi, kuma ba ta taɓa karɓar amsa daga yaro ba sai ya nuna mata yadda ya samo ta. Ta tarar da ƙanwar a kwance, fuska ga bango, ta sakankance ita Stamen yake zuwa ɗauka. A kan kujera ga baƙar rigar da za a binne ta da ita an goge, ga sabon takalmi a ƙasa. Kwana tara ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, maganin hawan jininta ma ta daina sha.

"Takalmin ya yi kyau," in ji Gergina. "In kin tafi sai in cire miki, lambarmu ɗaya."

"Yi ta ba'a, Yaya. Saura kwana uku."

"Stamen da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba yana da rai? Tashi ki sha miya."

"Na ga hularsa ta taga. Ke kin ga me?"

Gergina ba ta ga komai ba, wannan kuma ya ci mata rai. Ta fita ta bi hanyar tun daga ƙasa tana ƙirga falwayoyi. Dutsen yana gindin ta talatin da bakwai. Na rafi ne, kamar ƙwan agwagwa, ya yi santsi don riƙo. A kan guntuwar katangar da ke bin hanya ta lura da wurare shida inda gansakuka ta murje, da faɗin mazaunin mutum. Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta taɓa jin mamacin da ke zama ya huta ba.

Washegari da ƙarfe biyu ta tsaya a gindin ta talatin da takwas. Hazo ya sauko ya haɗiye rufin gidaje, ya haɗiye cocin ƙauyen, har wayar da ke saman kanta ta ɓace. Karnuka suka yi tsit. Can ƙasa ta ji ƙwas. Shiru. Ƙwas. Tsakanin sanda da sanda akwai wani jan numfashi mai kauri, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Hular ce ta fara fitowa, sannan kafaɗun kwat ɗin nan ruwan toka mai faci a gwiwar hannu, wanda Stamen ya yi shekara goma sha biyar yana sawa. Gergina ta tsinci hannunta na dama a goshi yana yin alamar gicciye, bai nemi izininta ba. Abin ya tsaya a ta talatin da bakwai, ya dafa falwayar, ya sunkuya a hankali ya ɗauki dutsen. Ya nufo ta. Taku ashirin, goma, biyar. Ya ajiye dutsen dab da ƙafarta, ya ɗago.

"Malama, matsa. Kin tare mini wurin dafawa."

Sai da Gergina ta duba sau biyu. Velika ce, matar Stamen. Shekara bakwai rabon da a gan ta a waje. Ƙiba da ciwon suga sun zaunar da ita a ɗaki, ko jana'izar mijin ba ta iya sauko matakala ba, har mutane sun saba ambatonta kamar wadda ta riga shi.

"Velika, me kike yi cikin kayan mamaci?"

"Nawa ba ya rufe ni. Wannan ma sai makon jiya maɓallin tsakiya ya shiga." Ta tsaya ta ja numfashi. "Likita ya ce mu biyun mu riƙa tafiya. Shi namiji, rana ɗaya ya ce sai ya kai maɓuɓɓuga ya dawo. A mota aka dawo da shi. Ni ba jaruma ba ce. Ranar farko daga ƙofa zuwa falwaya ɗaya, na dawo na kwanta ina kuka. Burodi ma yanka ɗaya nake ragewa duk Lahadi."

"Shi ne sai cikin hazo?"

"Kina so 'yan shagon burodi su jeru suna kallona?"

"Ina za ki?"

"Maƙabarta. Ta hamsin da uku. Ban ga inda suka sa shi ba."

"In kin kai fa?"

"Akwai ta hamsin da huɗu."

Gergina ta gaya mata abin da ake faɗa, da halin da Zlatka ke ciki. "Saura biyu kawai. Ki daure yau ki ƙarasa ƙofarta ta ga fuskarki."

Velika ta dubi inda gidan yake cikin hazon, ta girgiza kai. "Ɗaya nake ƙarawa. Wanda ya ƙarasa a rana ɗaya, ga kwat ɗinsa." Ta juya. Hazo ya rufe ta, sandar ta yi ta ƙwas, ƙwas, har ta daina jiyuwa.

Gergina ta haura gidan ƙanwarta. Ta ɗumama miyar wake, ta kwashe baƙar rigar daga kujera ta zauna a kai, ta ajiye kwanon da ƙwayar magani a gefen gado. Zlatka ta juyo.

"Kin gan shi?"

"Velika ce, cikin kwat ɗinsa da hularsa. Tafiya take koya, falwaya ɗaya kullum. Jibi za ta kai ƙofarki, gata ta wuce."