Tsawon Sandar Mofa

"Ja baya, Malama. Kin taka layi."

Na dubi ƙasa. Da gaskiyarta, kan silifas ɗina ya hau layin allin da ta sa aka ja a barandarta. Na janye ƙafar, na yi tsaki yadda za ta ji.

"Haba Yaya, ko gaisuwa babu? Mutum ya kawo miki abinci, ki tare shi da doka?"

"Ina kwana. Rataya."

Sandar mofa, irin ta goge ƙasa, ta leƙo ta tagar falo, da lanƙwasasshiyar ƙusa a bakinta. Na rataya kular abincin, ta ja ta ciki a hankali. Na ji ta buɗe, ta yi tari, sannan ta ce gishiri ya yi yawa. Tun da take ba ta taɓa cin girkina ba ta samo masa aibu ba, don haka hankalina ya ɗan kwanta.

Ita ce shugabar sakandaren da nake koyar da kemistiri, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata a kwatas ɗin malamai. A ofis Shugaba nake ce mata, a gida Yaya. Ita kuma in tana son tsokanata sai ta ce Malamar Kwalabe. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana aiki a wata ƙasa, ga shi an tsayar da jirage. Kafin annoba, ba sallama take faɗo mini kicin, ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana, ta yi mita, ta cika kwano ta tafi.

Da aka ce a dawo da 'yan ajin ƙarshe su kaɗai don su zana jarrabawar fita, sai Yaya ta zama wata iri. Ta sa aka zana da'irori da farin fenti a filin asambuli, kowane yaro da tasa. Ta jera bokitai masu famfo a ƙofar azuzuwa, ta raba gadajen ɗakin kwana. Sannan ta karɓe sandar mofa a hannun mai shara, ta cire tsumman, ta dinga yawo da ita a miƙe a gabanta. In ta ga yara biyu sun haɗa kai, sai ta zura sandar a tsakaninsu. Ba a yi sati ba suka raɗa mata suna Ja-baya. Ta ji, ko a jikinta. Ni kaina ban tsira ba. Ta daina shigo mini, ta hana ni shiga nata, hirarmu ta koma ta saman katanga kamar waɗanda suka yi faɗa.

Abin takaici, a wurin taron da aka kira shugabannin makarantu don koya musu kiyaye annoba ta kwaso ta. An cusa su a zaure ɗaya, tagogi a rufe. Da zazzaɓi ya fara, ita da kanta ta kira ma'aikatan lafiya. Bayan sakamako ya fito suka dawo neman waɗanda suka yi cuɗanya da ita, suka yi ta tambayar malamai ɗaya bayan ɗaya, ba su samu kowa ba sai direbanta. Babbar cikinsu ta dube ni ta saman takunkumi.

"Ke maƙwabciyarta ce, ki ce ba ki matsa kusa da ita ba?"

"Ki tambayi sandar nan," na ce.

Ta yi dariya, amma maganar da ta biyo baya ba ta dariya ba ce. Cibiyar killacewa ta cika, sai dai Shugaba ta yi jinya a gida suna bibiyarta ta waya. Duk wanda ya tsallake ƙofarta, sati biyu zai yi a kulle. In kuma aka ƙara samun malami ɗaya da cutar, za a rufe makarantar, yara su koma gida.

Ga inda abin ya shafe ni. Jarrabawar ɗakin gwaji ta kemistiri ta matso, kuma ba a yin ta sai malamin darasin ya haɗa ruwan sinadaran da hannunsa ana gobe, ya kuma tsaya a ɗakin ranar. Ɗaya malamin kemistirin ya maƙale a garinsu tun da aka rufe hanyoyi. Saura ni kaɗai. In aka kulle ni, duk yaran da ke burin likita ko aikin jinya sun yi asarar shekara guda. Yaya ta san wannan tun kafin ni in gama lissafa shi, shi ya sa ta aika aka kawo alli.

Ta tagar nan ta ci gaba da riƙe makaranta. Kullum da safe mataimakinta, wanda muke ce wa Mataimaki, yakan zo ya tsaya bayan layi, hannuwa a baya kamar ɗalibin da ya makara.

"Sabulu ya ƙare a ajin ƙarshe na biyu," za ta ce.

"Ranki ya daɗe, jiya aka sa."

"To ai jiya ka ce. Je ka duba. Mai tankar ruwa fa?"

"Ya ce yau."

"Jiya ma yau ya ce. Ba ni lambarsa."

Akwai yaron da bai dawo ba, ya kama aiki a shagon walda lokacin da makaranta take rufe, kuɗi ya buɗe masa ido. Ina shanya a tsakar gidana ina jin ta ta katanga tana waya da ubansa, ta yi magana ta tsaya ta ja numfashi, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kashegari sai ga yaron da akwatinsa, yana zumɓure baki. Ta sa aka kawo shi bakin layi ta kalle shi da kyau, ta ce a ba shi sabon takunkumi, nasa ya yi baƙi.

Sannu a hankali muryar ta fara gajarta. Ta daina kushe girkina. Rannan ta dawo da kular ko rabi ba ta ci ba, har da cewa an gode, wallahi nan na san jikin ya yi tsanani. Na ce a sake kiran masu lafiya, ta ce ta kira, sun sa ta a layin masu jiran gado. Ɗanta yana kirana safe da yamma, "Anti, don Allah ki faɗa mini gaskiya," ni kuma ina faɗa masa rabinta.

Ana gobe jarrabawar na wuni a ɗakin gwaji ina awo ina cika kwalabe. Da yamma na dawo, hannuna duk warin sinadari, sai na hango kular rana tana nan rataye a bakin sanda, a waje, yadda na bar ta. Na kira Yaya, shiru. Na ƙara kira. Iska ta ɗaga labule na hango ta zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, kanta ya langaɓe.

Ina da makullin gidanta tun shekarun baya, a cikin gwangwanin da nake ajiye allura da zare. Ban san lokacin da na ɗauko shi ba. Na tsallake layin allin, na murɗa, ƙofa ta buɗe. Warin man zafi da rufaffen ɗaki ya bugo ni. Kafin in ɗaga ƙafa ta farka, ta miƙa hannu ta jawo sandar daga taga, kular ta faɗi a baranda, ta nuno ni da ita.

"Kar ki shigo."

"Yaya, a ƙasa fa kike."

"Na sani. Ƙasan ya fi sanyi."

"In ɗora ki a kujera kawai, in fita. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma ni zan kira su in faɗa."

Raina ya ɓaci. Na ce mata taurin kan nan nata ya isa haka, jarrabawa ba ta fi rai ba, yaran nan ba ita ta haife su ba, in sun rasa bana akwai baɗi. Na faɗi maganganu da yawa, murya a sama, hawaye na jiƙa mini takunkumi. Ta bar ni na gama.

"In kin shigo, numfashi za ki ba ni?" ta ce. "Ba ki da shi a kwalabenki. Wa zai tsaya wa yara gobe? Mataimaki? Tarihi ya karanta."

Sandar tana rawa a hannunta, bakin yana sunkuyawa ƙasa tana ƙoƙarin ɗago shi. Da ɗan yatsa ɗaya zan iya kawar da ita. Na tsaya ina kallon ƙusar nan, ina jin yara can a fili suna wanke hannu kafin cin abincin yamma, ana buga bokiti. Na yi baya. Na koma bayan layi na zauna a siminti, na bar ƙofar a buɗe.

"Yawwa," ta ce, ta saki sandar.

Na kira masu lafiya na zazzaga musu abin da ke cikina. Suka ce gado zai samu da safe, a sa ta kwanta rub da ciki, ta dinga kurɓar ruwa. Na gangara mata robar ruwa ta ƙasa, ta tare da ƙafa. Da kyar ta ja jiki ta kwanta a kan kafet, fuskarta ta wajena.

"Kin gama haɗawa?"

"Na gama."

"Kin gwada da kanki?"

"Yaya, yau na fara aikin?"

"Ki raba teburan. Kar su yi aron abu a hannun juna. Tagogi a buɗe."

"To."

"Malamar Kwalabe."

"Na'am."

"Miyar shekaranjiya ta yi daɗi. Ban faɗa ba ne kar kanki ya kumbura."

Muna nan a haka har rana ta faɗi, ita a ciki ni a waje, sai da maigidana ya zo ya ce 'ya'yanmu na nemana. Ta ce in jawo mata ƙofa, kar in kulle. Yadda na kwana ba sai na faɗa ba, katanga ɗaya ce.

Da safe na tarar ta mayar da sandar taga, ban san yadda ta yi ba. Na rataya mata filas ɗin shayi, na ce zan wuce. Ta ɗaga yatsu biyu daga inda take kwance. Motar asibiti ta iso lokacin da yara suke layi a ƙofar ɗakin gwaji, jami'in jarrabawa yana duba fuskokinsu da katin shaida. Daga baya maigadi ya ba ni labari, wai da suka ɗauko ta sai ta kama hannun rigar ɗaya daga cikinsu, ta ce kar a kunna jiniya, kuma a bi ta ƙofar baya, yara na jarrabawa. Ni abin da na gani ta tagar ɗakin gwaji bayan farar mota ne kawai, tana bin gefen filin ƙwallo a hankali.

Aka fara. Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar gilas da ɗigar ruwa. Ina zagayawa ina ƙara wa wanda nasa ya zube. Yaron shagon walda ya fasa kwalba ɗaya, na sake masa wata, ko harararsa ban yi ba. An ci fiye da rabin lokaci sai ga Mataimaki a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai kira ni ba. Ya tsaya da waya a hannu, ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna a kan dakalin baranda.

Wata yarinya a tebur na gaba ta ɗiga ɗigon ƙarshe, ruwan kwalbarta ya juye ya koma ruwan hoda. Ta ɗago tana nemana da ido, ko ta cikin takunkumi ana ganin murnarta.

"Rubuta abin da kika gani," na ce mata.

Sai da aka karɓi takarda ta ƙarshe, aka rufe ambulan, yara suka fita a jere, sannan na fito. Mataimaki ya miƙe.

"Sun sa mata iskar taimakon numfashi, Malama. Ba ta jima ba. Sai haƙuri."

"Allah ya jiƙanta," na ce. "Kar a faɗa musu sai sun ci abinci."

Ni na kira ɗanta, wannan karon na faɗa masa duka. Ya tambaye ni ko akwai wanda yake kusa da ita, na ce ina nan kusa. Bai tambayi kusa kamar yaya ba. Har yau ina jin haushinta a kan yammacin nan, kuma har yau in na ji motsi a kicin sai in juya.

Da na koma kwatas na tarar masu lafiya sun yi feshi sun rufe gidan, sun ce kar a taɓa komai. Ƙafafunsu sun goge rabin layin allin. Sandar tana nan a taga, filas ɗina yana rataye a ƙusa, ba a buɗe shi ba. Maigidana ya leƙo ya ce in shigo in ci wani abu, na ce ina zuwa. Na daɗe a wurin ina kallon filas ɗin, ƙafafuna biyu a bayan abin da ya saura na layin.