Shafin da Pasto Sallau Ya Ƙi Karantawa

Kosi magini ya rasu da hantsi ran Alhamis, cikin zafin bazara da ba ya bari a ajiye gawa. Mutumin ƙasar Benin ne, ɗan Katolika. Ya zo Dakoro gina ajujuwan lakwal, wato makarantar boko, shekara talatin da suka wuce, ya ga ƙanwata Hamdiya, sai ya manta hanyar gida. Mompera nasu, wato limamin 'yan Katolika, yana Maradi, sai jefi-jefi yake leƙowa, don haka tare da mu Kosi yake sujada, a bencin baya. Kwanon majami'ar tamu ma shi ya ɗora shi.

Aka buga wa mompera waya, aka ce ya yi tafiya, sai jibi. Jana'iza ta faɗa hannun pastonmu, Sallau, wanda ya dawo daga makarantar Baibul bara da taye a wuya, yana tafiya kamar shi aka bai wa ajiyar makullin sama.

Abu ɗaya Hamdiya ta roƙa. Kosi yana da Baibul nasa na Faransanci, akwai wani shafi da yake karantawa da ƙarfi kullum da safe kafin ya ɗauki cokalin gini, ya kuma sha gaya mata a karanta masa shi a bakin kabari. Ita ba ta yi lakwal ba, ko Hausa ba ta iya karantawa. Ta kai wa Pasto littafin a buɗe, ni ina biye da ita.

Ya karɓa da yatsu biyu kamar an miƙa masa mushen ɓera. Ya dubi saman shafin, ya tsuke baki.

"Inna, wanga ba ya cikin Littahi Mai Tsarki," in ji shi. "Namu littattahai sittin da shida ne. 'Yan Katolika su sunka ƙara nasu bisa."

"Pasto, shi ya hwaɗa mini da bakinai," in ji Hamdiya.

"Ba ni iyawa. In na karanta shi yau, gobe wani ya kawo mini wani littahi."

Raina ya ɓaci, na ce, "Kai ka taɓa karanta shi?"

"Ba sai na sha guba ba in san guba ce."

"Shekara talatin yana shan gubar ga kullum da sahe," na ce, "ba ta hana shi ɗora maka kwanon da kake wa'azi ƙarƙashinai ba."

Dattawan majami'a uku suna zaune a tabarma, suna gyaɗa wa Pasto kai kamar ƙadangaru. Na san su tun muna yara. Sittin da shidan da suke tsaro, in ka ce su lissafo goma sai sun yi gumi. Amma ga su nan, sun zama masu gadin ƙofa. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su a ranar ba.

Bayan azahar muka kai shi maƙabarta. Maƙwabta Musulmi sun zo da yawa, wasunsu ma su suka taya haƙa, suka koma gefe suka tsaya. Pasto ya yi wa'azi mai tsawo a kan tsare koyarwa, ana ta fifita da bakin zane. Sunan Kosi sau biyu kawai ya fito daga bakinsa. Da ya gama ya ce a rufe.

Hamdiya ba ta motsa ba. Ta tsaya a bakin ramin, ta miƙa littafin ga jama'armu, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma'aikatan ofis a ciki, akwai masu takardun digiri, waɗanda in sun fara Faransanci a taron majami'a ba mai iya tsai da su. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai Mushe Yazidu ya fito daga cikin maƙwabta. Tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Kosi. Ya karkaɗe ƙasar haƙa daga hannunsa.

"Ba ni, Hamdiya," in ji shi. "Karatu dai ne, ai shi munka iya."

Pasto ya juya ya tafi gindin wata aduwa, dattawansa suka bi shi a jere.

Mushe Yazidu ya sa tabarau ya fara, a hankali, yana bi da yatsa. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya yi nisa ke nan Hamdiya ta ɗaga hannu.

"Mushe, ka tsallake. Da wani kahin wannan."

Ya tsaya, ya kawo littafin kusa da ido. Gaskiya ne, akwai layi guda da tawadarsa ta kusa gogewa. Yana ta kici-kicin gano haruffan, sai Hamdiya ta faɗe shi da ka, tiryan-tiryan, cikin harshen da ba ta san ma'anarsa ba, da irin karin muryar mijinta.

Mushe Yazidu ya cire tabarau ya share ido. Ya rufe littafin ya ce, "Ci gaba, ke za ki ida shi."